Muryar Ƙafar Auta

Tun ranar da likita ya hana Auta ɗaga duk abin da ya fi butar shayi nauyi, gidan ya rasa gane kansa. Ba wanda ya taɓa lura da yawan ɗagawar da ake yi a cikinsa sai da mai yin ta ta daina. Baba, mahaifinsu, ya daɗe rabin jikinsa a shanye. Da safe a ɗaga shi daga gado zuwa kujera, a kai shi bayi, a dawo da shi, a juya shi a shafa masa mai a baya. Auta ce ke yi tun da mijinta ya rasu ta dawo gida da akwati ɗaya. Ta haura arba'in, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma har yaran gidan Goggo Auta suke ce mata.

Yanzu aikin ya faɗo kan Yaya, babban wanta, wanda gidan ke hannunsa. Sana'arsa haɗa wayar wuta a sabbin gine-gine. Mutum ne mai tsari a wajen aiki. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai testa, ɗan sukundireban nan mai fitila a gindi da ake dangwala wa waya a ga ko da wuta a cikinta. Ko masallaci da shi yake zuwa. Amma ɗaga Baba ya gagare shi.

"Sa gwiwarka a gaban tasa, Yaya," in ji Auta daga bakin ƙofa, tana dafe da ƙugu. "Ka bari ya rataya hannun mai lafiyar a wuyanka."

"Kina tsaye kina ba ni darasi. Zo ki riƙe min ƙafafun kawai."

"Likita fa ya ce..."

"Ƙafa ce, Auta, ba buhun siminti ba."

Ta sunkuya ta riƙe. Wani abu ya tsarga mata tun daga gadon baya har ɗan yatsan ƙafar hagu, kamar an zura mata waya mai zafi. Ba ta yi ƙara ba. Ta cije leɓe har aka dire Baba a kujera, sannan ta dafa bango ta fita.

Ciwon nata ba ɓoyayye ba ne. Hoton asibiti ya nuna ƙashi ɗaya a ƙasan bayanta ya zame daga mazauninsa yana neman danne jijiya. Aiki za a yi, a gyara shi a ɗaure da ƙusoshin ƙarfe. A zuwanta na farko likita ya haɗa ta da wata mata gajera mai gilashi, tana jan akwati mai taya. Mai na'ura ake ce mata a asibitin. Ita kaɗai ce mai irin aikinta a duk yankin, saboda haka zagayawa take yi asibiti zuwa asibiti. Ta kwantar da Auta, ta manna mata wayoyi a ƙafafu da kai, ta juyo da allon kwamfuta yadda za ta gani.

"Motsa babban yatsanki, 'yar'uwa."

Auta ta motsa. Wani siririn layi a allon ya yi tsalle ya koma.

"Kin gani? Muryar ƙafarki ke nan. Idan an yi miki allurar barci ba za ki iya cewa wayyo ba. Amma jijiya ba ta barci. Ni ina zaune a kusurwa ina sauraren ta tun daga farkon aiki har ƙarshe. Da likita ya kusanci inda bai kamata ba, layin nan zai faɗi, ni kuma in ce masa ya tsaya. Ya janye, ya canza hanya. Aikina ke nan, gulmar likita a gaban idonsa."

Auta ta yi dariya har bayan ya amsa. Ta sake motsa yatsan ita kaɗai don ta ga layin ya yi tsalle. A hanyar gida cikin mota ta riƙa kallon ƙafarta a cikin silifa, tana jin wani irin abu game da ita, kamar ta gano tana da 'yar'uwa da ba ta sani ba.

An sa ranar aikin a wata mai kamawa, lokacin da mai na'ura za ta zagayo. Kafin nan, hutu: ba ɗagawa, ba sunkuyo.

Hutun ne ya zame wa gidan ƙaya. Yaya yana makara wajen aiki. Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, ita ta gaji wankin zannuwan Baba, kuma Baba ba ya yarda suruka ta ga tsiraicinsa, da ta shigo sai ya damƙe bargo da hannunsa mai lafiya ya juya fuska bango. Abinci ya riƙa ƙonewa. Magana ta riƙa fita da kaifi. Ga shi Yaya ya sami babban aiki a wani gari, wanda zai fara daidai lokacin da aka sa ranar.

Sai asibiti suka bugo waya. Wani da za a yi wa aiki a makon ya fasa, gurbi ya samu, likita yana son ganin su.

A ofishinsa likitan bai ɓoye komai ba. Ya ajiye hoton bayan Auta a jikin fitila ya nuna da biro.

"Gurbi akwai. Amma mai na'ura ba ta nan, ba kuma za ta samu zuwa ba. Ana yin aikin nan ba ita, mun sha yi, da yawa sun tashi lafiya. Sai dai a naki, Malama, inda ƙusoshin za su bi ya matse ƙwarai. In shawarata za a bi, a jira ta. Na kira ku ne, Malam, saboda ka ce min in sanar da kai in an samu wuri da wuri."

Auta ta juya ta dubi Yaya. Ba ta san ya faɗi haka ba.

"Likita," in ji Yaya, yana murmushi, "kafin a ƙera na'urar nan ba a yi wa mutane aiki?"

"Ana yi."

"Kuma hannunka ai hannu ne. Kowa ya shaide ka."

"Hannuna ba ya jin abin da jijiya ke ji, Malam. Ku je ku yi shawara. Maganar tata ce, ita za ta sa hannu."

Shawarar a falo aka yi ta, bayan la'asar, fanka tana juyawa a sama. Auta ta zauna a bakin kujera don ba ta iya jingina.

"Ni dai da an jira matar nan," ta ce a hankali. "Ba nisa."

"Ba nisa a wajenki," in ji Anti. "Ke da kike kwance."

"Ba haka nake nufi ba, Anti."

"Ki duba lissafin da kyau," in ji Yaya. Ya yi maganar da taushi, irin muryar da yake lallashin mai gini da ita. "In an yi yanzu, kafin in tafi kin fara takawa. In an jira, ranar da za a shiga da ke ni ina can. Wa zai zauna da ke a asibiti? Wa zai ɗaga Baba? Ga ciwon nan yana cin ki kullum, ni tausayinki nake ji wallahi."

"Matar ta ce in likita ya kusanci jijiya..."

"Tallar aikinta take yi, Auta. Kowa da abin da yake ci. Kina jin likita ya ce sun sha yi."

"Ya kuma ce a jira."

"Dole ya ce haka, don ya wanke kansa. Ke dai ki dogara ga Allah. Ko na'ura ce ke ba da lafiya?"

Daga ɗakin Baba aka ji muryarsa, kalma ɗaya da ta rage masa tana fita sosai: "Auta. Auta." Anti ta dubi silin ta sauke numfashi mai ƙarfi. Auta ta dubi tafin hannunta. A gidan nan take ci, a nan take kwana, ɗakin da take ciki ma na babbar 'yarsu ne aka ba ta.

"Shi ke nan," ta ce. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Yauwa ƙanwata. Ai na san ki da hankali."

Ranar aikin, da aka turo ta ɗakin tiyata a kan gado mai taya, ta ɗaga kai ta dubi kusurwa. Kujera ce kawai, an ɗora mata kwalin safar hannu. Ta motsa babban yatsanta a ƙarƙashin zane. Ya motsa. Nas ta ce ta ja numfashi.

Da ta farka, abin da ta fara ji shi ne ƙishi, sai muryar likita yana cewa ta motsa ƙafar dama. Ta motsa. Ya ce ta hagu. Ta aika mata saƙo kamar yadda ta saba tun tana yarinya, ba tare da tunani ba. Shiru. Ta sake aikawa da ƙarfi har jijiyar wuyanta ta tashi. Likita ya ja biro a tafin ƙafar.

"Kin ji?"

"Me?"

Ya dubi nas. Auta ta daɗe tana jinya, ta san irin wannan kallon.

Da farko an ce maganin barci ne bai gama sakin ta ba. Daga baya aka ce kumburi. Sai washegari aka ɗauki hoto, aka ga ƙusa ɗaya ta kauce kaɗan, ta zauna a kan jijiya. Aka sake shiga da ita, aka cire, aka gyara. Ƙafar ba ta dawo ba. Fitsari ma ya daina yi mata sallama, aka sa mata roba.

Likitan ya zo ya ja kujera ya zauna kusa da gadonta. Idonsa ya faɗa.

"Ba zan ce miki da tana nan ba abin da zai same ki ba. Ban san wannan ba. Abin da na sani, da mun ji tun ƙusar tana shiga, da na janye ta a take. Jijiya tana jure ɗan lokaci. Kwana guda ya yi mata yawa. Hannuna ne ya sa ƙusar, kuma ni na yarda na yi aikin. Ki yafe ni."

Auta ta ce, "Allah ya yafe mana."

"Ba a yanke ƙauna ba tukuna. Gashi za a riƙa yi miki, a motsa ƙafar, a koya mata. Wani abu yana iya dawowa. Amma watannin farkon nan su ne komai, kada a yi wasa da su." Ya juya ga Yaya, wanda ke tsaye a bakin taga. "Malam, ka ji ko? Kada a fasa kawo ta."

"In sha Allahu, likita."

An kai ta gashi a makon farko, an kai ta a na biyu. A ɗakin gashin akwai sanduna biyu da ake riƙewa a koyi tsayuwa, da wata mata mai faɗa da dariya a lokaci ɗaya da ke lanƙwasa mata ƙafa tana cewa, "Yi mata magana, taki ce, kunya take ji." Rannan Auta ta ji kamar wani abu ya yi motsi a bayan ƙwaurinta, kamar tafiyar tururuwa. Ta dawo gida ta faɗa wa kowa.

Sannan Yaya ya tafi aikinsa. Motar gidan ma da ita ya tafi.

"Gobe ne gashi, Anti."

"Na sani. Amma wa zai sauko da ke daga matakala? Ni? In nawa bayan ya tafi ku zama ku uku?"

"Ko a roƙi maƙwabta."

"Kullum roƙo. Mutane sun fara ganin mu suna sauya hanya. Bari Yayanki ya dawo."

Ta buga masa waya. Ana jin ƙarar injin huda bango a bayansa.

"Auta, gashin nan ai motsa ƙafa ne kawai. Ki riƙa motsawa da hannunki a gida. Ina dawowa za mu ci gaba. Ki yi haƙuri, aiki ya sha min kai."

Ta riƙa yi. Takan zauna ta kamo ƙafar da hannu biyu, ta ɗaga, ta sauke. Ƙafar tana da nauyi da sanyi, kamar ta wani ce aka ba ta ajiya. A hankali tafin ya fara lanƙwashewa ƙasa, yatsun suna kallon katifa. Tururuwar nan ba ta sake wucewa ba.

Wata safiya Anti ta shigo da yara biyu suka fara kwance gadonta.

"Ɗakin Baba za mu mai da ke. Zirga-zirgar ɗaki biyu tana kashe ni. Ga yarinyar nan jarrabawa ta taso, tana bukatar ɗakinta. Kuma ai hannuwanki lafiyarsu ƙalau, kya riƙa ba shi abinci."

Aka jera gadajen biyu, tsakaninsu tazarar da hannu zai kai. Bokiti ɗaya a ƙarƙashi, tire ɗaya a kan kujera. Auta takan jingina da gwiwar hannu ta miƙa cokali, rabi ya shiga bakin Baba, rabi ya bi haɓarsa, ta goge da gefen zane. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya fi ci mata rai, Baba bai gane ba. Idan zama ya gajiyar da shi, ko ya ɓata jikinsa, sai ya juyo ya ɗaga mata hannunsa mai lafiya, yadda ya saba ɗagawa don ya rataya a wuyanta.

"Auta."

"Baba, ba zan iya ba. Bari Anti ta zo."

"Auta."

Hannun yakan daɗe a sama, sannan ya sauka. Ya dube ta da idon wanda aka yi wa rowa.

'Yan dubiya suna zuwa, dangi da maƙwabta, su tsaya a bakin ƙofa saboda warin ɗakin. Daga falo Auta takan jiyo Anti tana ba da labarin, kuma kowane zuwa labarin yana ƙara santsi.

"Likitocin yanzu sai a hankali. Ya ce mana ba komai, sun sha yi."

"Ita ma ta matsa a yi, ciwo ya ishe ta. Da hannunta ta sa hannu, ba wanda ya kama mata biro."

"Abin da Allah ya rubuta ko da na'ura goma ne sai ya faru."

Baƙin su amsa da haka ne, su leƙo su ce, "Sannu Auta, kin ga jarrabawa. Ki gode wa Allah da ya ba ki ɗan'uwa irin Yayanki, wani da tuni ya kai ki wani wuri ya ajiye." Ita kuma ta ce ta gode.

Fatar ƙugunta ta fara ja, sannan ta buɗe. Ita da ta yi shekaru tana juya Baba don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ta san abin da ake yi, ta san kuma ba mai yi. Robar fitsarin ta wuce lokacin canji, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. Ta daina tambayar ranar gashi.

Wata rana da hantsi, Anti ta tafi kasuwa, yara suna makaranta. An bar Baba a kujera ba a sa masa matashi a gefen da ya shanye ba. Auta tana kallo ya fara zamewa. Ta kira sunan duk wanda ta sani a gidan, ta kira maƙwabciya ta taga, rediyon wani ne kawai ya amsa. Baba ya sulale ya faɗi tsakanin gadajen, fuskarsa a kan tayil, hannunsa mai lafiya a danne ƙarƙashinsa.

Ta jawo jikinta zuwa bakin gado ta saki. Faɗuwar ta ɗauke mata numfashi. Ta ja ciki da gwiwar hannu, ƙafar tana biye da ita, robar fitsarin ta fizge ta zube. Ta kai gare shi. Ta san yadda ake yi: gwiwa a gaban tasa, hannunsa a wuyanta, a miƙe tare. Ba gwiwar. Abin da ta iya shi ne ta tura kafaɗarta ƙarƙashin tasa ta juya shi har hancinsa ya bar ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta mai rai.

Haka Anti ta same su da azahar, a jiƙe, Baba yana riƙe da gefen rigar Auta yana barci.

"Innalillahi! Ke kuma me ya sauko da ke? So kike ki ƙarasa kanki a ce mu ne?"

Labarin ya kai wa Yaya. Kafin mako ya zagayo an samo mutum. Wani tsohon ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya, gidansa a ƙarshen layinsu, mai faɗin kafaɗa da ƙaramar murya. Yana zuwa safe da yamma ya ɗaga Baba, ya yi masa wanka, ya juya shi. Baba bai ja bargo ba. Mutumin ya ga gyambon Auta ya girgiza kai, ya nuna wa Anti yadda ake wanke shi.

"Malam, yaushe ka dawo unguwar nan?" Auta ta tambaye shi.

"Ni? Ai a nan na aurar da 'ya'yana duka. Da Yayanki muke sallah. Tun da na ji an hana ki ɗagawa na ce masa in da bukata ga ni. Ya ce a'a, abin na ɗan lokaci ne, kin kusa warkewa."

Auta ta juya ta dubi bango. Akwai wani wuri da fenti ya ɓare, ta daɗe tana kallon sa.

Yaya ya dawo da aikinsa ya ƙare, ya yi baƙi, ya rame kaɗan. Ya kawo wa yara tsaraba, ya kawo wa ɗakin marasa lafiya sabuwar fanka ta tsaye, don zafi ya shigo. Soket ɗin bangon ya daɗe da lalacewa. Ya durƙusa a tsakanin gadajen, daidai inda suka faɗi, ya kwance murfin.

"An ɗauke wuta ai," in ji Anti daga ƙofa. "Tun safe."

"Ko an ɗauke." Ya zaro testa daga aljihu ya dangwala wa waya ta farko, ya duba gindinsa, ya dangwala wa ta biyu. Sai da ya tabbatar sannan ya sa yatsa.

Auta tana kallon sa daga kan matashi.

"Yaya."

"Na'am, ƙanwata. Yanzu za ki sha iska."

"Tun da kake aikin nan, ka taɓa kama waya ba ka sa mata abin nan ba?"

Ya yi dariya, bai ɗago ba. "Haba. Ko yarona na gani ya yi haka, ranar zai bar min aiki. Wuta ba ta da fuska, ba ka ganin ta sai ta..."

Bai ƙarasa ba. Hannunsa ya tsaya a cikin bangon. Anti ta saki labule ta koma kicin.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya yi magana, da soket ɗin yake yi.

"Ke kika sa hannu, Auta."

"Ni na sa."

"Kuma komai da lokacinsa. Rubutacce ne."

"Haka ne."

Ya ɗaure wayoyin, ya mayar da murfi, ya mayar da testa aljihu. Ya jona fankar duk da ba wuta, ya daidaita ta tana kallon gadonta. A bakin ƙofa ya ce mako mai zuwa za a koma gashi, in ya samu sarari. Ya fita.

An koma, daga baya. Matar ɗakin gashin ta kama tafin ƙafar da ya sandare, ta gwada lanƙwasa shi, ta dubi Auta, wannan karon ba faɗa ba dariya. A baranda, ana tura ta a keken guragu, suka yi kiciɓis da mai na'ura tana jan akwatinta zuwa ɗakin tiyata, za ta je ta saurari ƙafar wani. Ta gane Auta. Ta dubi keken, ta dubi ƙafar, ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. Auta ce ta fara gaishe ta, ta tambaye ta aiki.

A unguwar har yau in an tashi misalin ɗan'uwa nagari, Yaya ake ambata: ya riƙe uba, ya riƙe ƙanwa, ya ɗaukar musu mai kula, ya saya musu fanka. Duk gaskiya ne. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kama mata biro. An dai tambaye ta, ta ce a jira, da bakinta, idonta biyu, a tsakiyar falo, mutum biyu suna zaune. Matar da ke zama a kusurwa an ɗauke ta aiki ne don ta ji wanda ba ya iya magana. Auta tana iyawa, ta kuma yi.

Da yamma, idan mai kula ya gama ya tafi, ɗakin yakan yi shiru sai ƙarar fanka. Baba ya daina ɗaga mata hannu. Yanzu miƙo shi yake yi ta tsakanin gadajen, ita kuma ta riƙe. Wani lokaci, in ta ga ba mai kallo, takan yaye zane ta dubi babban yatsan ƙafar hagu ta ce masa ya motsa. Ta jira kaɗan. Sannan ta mayar da zanen ta rufe shi, don kada sanyin fanka ya kama shi.